Masu haɗa kiɗa da kwamfuta suna neman a ba su kayan aiki a kan Linux

Ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025, kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, wato ya daina aiko mata gyare-gyaren tsaron da ya saba, sai fa ga wanda ya nemi ƙarin wa'adi. Ita kuwa Windows 11 da ta gaje ta, sharuɗɗa gare ta: ba ta yarda ta zauna cikin kwamfutar da ba ta da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, haka ma mafi yawan waɗanda aka ƙera kafin wajen 2018. Miliyoyin na'urori masu lafiya suka wayi gari an ce sun tsufa. Mutane da yawa sun koma Linux, wadda ba a saye, kuma ba ta raina tsohuwar kwamfuta. Amma akwai wani rukuni da ya isa bakin ƙofa ya tsaya cak: masu haɗa kiɗa, masu ɗaukar murya, da injiniyoyin sutudiyo. Dalilinsu ɗaya ne, manyan manhajojin da suke ci da su ba su aiki a can.

Kukan nasu ya girmi wannan rana da shekara fiye da 20. Ga yadda al'amarin yake, da abin da ya sa ya shafi har mai ƙaramin sutudiyo a Maraɗi ko Damagaram.

Mece ce Linux?

Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja da ke riƙe da ragamarta, wadda za mu kira uwar manhaja. Ita ke raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura, da allo, da ma'ajiya, da lasifika. Sauran manhajoji, abin da masu jin Faransanci ke kira lojisiyal, bisa bayanta suke hawa. Windows ta Microsoft ce, macOS ta Apple ce, kuma duka biyun a rufe rubutun ƙirarsu yake. Mai saye ya sayi izinin amfani kawai, ba shi da ikon dubawa ko gyarawa.

A shekarar 1983 wani masani ɗan Amurka, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU domin a samu manhajar da kowa zai iya amfani da ita, ya karanci ƙirarta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi na jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta cibiyar da ta rage wa wannan gini, aka kira ta Linux. Daga nan rassa suka yi ta tsirowa, irin su Debian, Fedora, da Ubuntu wadda attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004. Mai karatu da ke riƙe da wayar Android, da Linux yake yawo a aljihu, domin cibiyarta ke ciki. Tun watan Nuwamba na 2017 kuma, dukan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

Wurin da ta kasa yin kaka-gida shi ne teburin mutum ɗaya. Kamfanin ƙididdiga na StatCounter ya nuna sai a farkon 2024 ta haura kashi 4 cikin 100 na kwamfutocin tebur, lokacin da Windows ke da fiye da kashi 70. Wannan adadi shi ne tushen duk gardamar da za ta biyo baya.

Sutudiyon da ya koma cikin akwati

Ɗaukar waƙa a da sai mai hannu da shuni: ɗaki na musamman, babban teburin haɗa sauti, da na'urar zare mai layi 16 ko 24. Yanzu manhaja guda ta haɗiye duka. Tana ɗaukar murya da kiɗa layi-layi, tana yanka, tana liƙawa, tana daidaita murya, tana kwaikwayon ganga, da molo, da piyano, sannan ta fitar da waƙa gamamma. Cubase ta kamfanin Steinberg na birnin Hamburg ta fito a 1989. Pro Tools, wadda ta zama ma'aunin manyan sutudiyon Amurka, a 1991. FruityLoops ta kamfanin Image-Line na Beljiyam, da yanzu ake kira FL Studio, a ƙarshen shekarun 1990. Ableton Live ta birnin Barlin a 2001. Logic kuwa ta Apple ce, a na'urorin Apple kaɗai take aiki. A cikin waɗannan biyar babu ko ɗaya da kamfaninta ya fitar domin kwamfuta mai Linux.

Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, babbar manhajar rabin kayan aiki ce kawai. Sauran rabin ƴan ƙananan manhajoji ne da ake jona mata, waɗanda ƴan sana'a ke kira fulogin: wannan ta ba murya amsa-kuwwa, waccan ta gyara kuskuren mawaƙi, wata ta ƙunshi sautin ƙungiyar makaɗa sukutum. Steinberg ne ya fito da tsarin jona su, mai suna VST, a 1996. Injiniyan da ya shekara goma yana aiki yakan tara su da yawa, ya kashe musu dukiya, kunnensa ya saba da su. Da yawansu kuma suna da makullin hana sata, irin iLok, wanda ba a yi shi domin Linux ba. Ce wa irin wannan mutum ya ƙaura daidai yake da ce wa maƙeri ya bar uwar maƙerarsa, da zugazugansa, da masabarsa, ya je wani gari ya soma daga farko.

Me ya sa suke son ƙaura?

Mai karatu zai iya tambaya: in haka ne, me ya hana su zauna inda suke? Amsar farko tana cikin tarihi. A watan Yuli na 2002 Apple ya sayi kamfanin Emagic na Jamus, mai Logic, kuma kafin shekarar ta ƙare ya dakatar da wadda ke aiki a Windows. Wanda duk ya gina sana'arsa a kanta sai ya sayi Mac ko ya sake manhaja. A Nuwamba 2017 kamfanin Gibson mai ƙera gita ya rufe Cakewalk, mai manhajar Sonar, aka zauna cikin zullumi har kamfanin BandLab na Singafo ya saye ta a Fabrairu 2018. A Agusta 2024 kamfanin MakeMusic ya sanar da daina Finale, manhajar rubuta alamomin kiɗa da aka shekara 35 ana aiki da ita. Duk lokacin da irin haka ta faru, ayyukan shekaru da mutum ya adana cikin sigar wannan manhaja sukan shiga haɗari, domin ita kaɗai ta san buɗe su yadda ya kamata. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Amsa ta biyu kuɗi ne. Kamfanoni da dama sun karkata ga haya: maimakon ka saya sau ɗaya, sai ka biya duk wata ko duk shekara, ranar da ka kasa kuma a rufe maka ƙofa ko a rage maka kaya. Amsa ta uku natsuwa ce. Mai ɗaukar waƙa yana son na'urar da ba za ta tsaya sabunta kanta ana tsakiyar aiki ba, wadda ba ta cika da talla ba, ba ta kuma tilasta masa buɗe asusu a intanet. A Linux mutum yana iya kashe duk abin da ba ya buƙata, ya bar wa sauti ƙarfin na'urar gaba ɗaya.

Matsalar jinkiri

Sai dai shekaru da yawa Linux ita ma tana da nata laifin, kuma wajibi ne a faɗe shi. Kwamfuta ba ta jin sauti yadda kunne ke ji. Tana yanka shi gutsure-gutsure, galibi 44.100 ko 48.000 a cikin sakan guda, ta tara su cikin ɗan mazubi, ta sarrafa, sannan ta miƙa wa lasifika. In mazubin ya ɗauki gutsure 1.024, jiran zai kai kusan kashi 21 cikin 1.000 na sakan. Mawaƙi zai ji muryarsa tana dawo masa a makare, ya rikice. In an rage shi zuwa 128, jiran bai kai kashi 3 cikin 1.000 ba, amma dole na'ura ta gama lissafinta cikin wannan ɗan ƙiftawa, sau ɗaruruwa a kowane sakan, ba fashi. Ta makara sau ɗaya, sai a ji ƙas a cikin waƙa, aikin ya ɓaci. Uwar manhajar da ba ta iya ba sauti fifiko bisa sauran ayyuka ba ta dace da sutudiyo ba.

Masu aikin sa kai ne suka yi ta toshe wannan ɓaraka. A 1998 Jaroslav Kysela, ɗan ƙasar Cek, ya soma ALSA, sashen da ke magana da katin sauti. A farkon shekarun 2000 Paul Davis, ɗan Ingila da ya zauna Amurka, ɗaya daga cikin ma'aikatan farko na kamfanin Amazon, ya ƙirƙiro JACK, wadda ke ba mutum damar jan sauti daga wata manhaja zuwa wata kamar yadda ake jona wayoyi a bayan teburin sutudiyo. JACK ta yi kyau ƙwarai, amma ta daɗe ba ta jituwa da PulseAudio, wadda ke kula da sautin yau da kullum; sabon shiga yakan kwana yana neman dalilin da ya sa in wannan ta yi magana waccan ta yi shiru. Wannan wahala ta kori mutane da yawa, ta kuma bar wa Linux sunan da har yanzu take fama da shi.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. PipeWire, wadda Wim Taymans na kamfanin Red Hat ya jagoranta, ta haɗa aikin JACK da na PulseAudio wuri guda. Fedora ta ɗauke ta a Afrilu 2021, Ubuntu ta bi a 2022. Sannan a Nuwamba 2024, da fitowar Linux 6.12, aka shigar da gyaran nan mai suna PREEMPT_RT cikin cibiyar kanta, bayan kusan shekara 20 ana aikinsa a gefe. Shi ne ke tabbatar wa aiki mai gaggawa cewa za a saurare shi a kan lokaci. Mafi yawan katunan sauti na USB masu bin ƙa'idar gama-gari kuma, da an jona su suke kamawa. Hujjar cewa Linux ba ta iya ɗaukar sauti ba ta yi rauni sosai.

Waɗanda suka amsa kira

Tun wajen shekarar 2000 Paul Davis ɗin nan ya soma rubuta Ardour, cikakkiyar manhajar sutudiyo mai buɗaɗɗiyar ƙira. A 2013 ta sami ikon sarrafa MIDI, harshen da kayan kiɗan lantarki ke magana da shi tun 1983. Yadda take ciyar da masu yin ta abin lura ne: rubutun ƙirar kyauta ne ga mai iya harhaɗa shi, wanda ke son ta a shirye kuwa sai ya biya abin da ya ga zai iya, ko ya riƙa ba da ƴan daloli duk wata. Kamfanin Harrison na Amurka, mai ƙera manyan teburan haɗa sauti, a kanta ya gina manhajarsa Mixbus a 2009. Kusa da ita akwai Audacity ta yankan sauti, wadda gidajen rediyo da yawa suka sani, da LMMS mai kama da FL Studio a tsari, da Hydrogen ta ganguna, da MuseScore ta rubuta kiɗa. Ubuntu Studio, da ta fito a 2007, takan zo da irin waɗannan kaya a ɗaure wuri guda.

Cikin ƴan kasuwa ma an sami masu ƙarfin hali. Wasu tsoffin ma'aikatan Ableton sun kafa Bitwig a Barlin, kuma da suka fitar da Bitwig Studio a Maris 2014, sun fitar da ita domin Windows, Mac da Linux tare. Reaper, ta Justin Frankel wanda ya ƙirƙiro Winamp, ta soma fitar da ta Linux a matsayin gwaji a 2018. Lasisinta na mai ƙaramin ƙarfi dala 60 ne na Amurka, wato jika 30 da wani abu na sefa. A 2017 Steinberg ya buɗe hanyar rubuta fulogin na VST3 domin Linux, ko da yake bai kai Cubase can ba. A 2022 Bitwig da kamfanin u-he suka fito da CLAP, sabon tsarin jona fulogin wanda ba mallakar kowa ba. A 2023 kuma PreSonus ya fitar da Studio One 6.5 domin Linux a matsayin gwaji.

Ga sauran, sai dabara. Akwai Wine, da aka soma tun 1993, wadda ke yi wa manhajar Windows tafinta har ta yi zaton a gida take. Akwai yabridge, da ke bi ta kan Wine ta shigo da fulogin na Windows. Sau da yawa abin yakan yi. Amma sabuntawa guda tana iya rushe shi, kuma ba kamfanin da zai saurari ƙorafi. Mai wasa a gida zai iya jurewa. Wanda mawaƙi ya biya kuɗin awa, yana tsaye gaban makirfo yana jira, ba zai ɗora abincinsa a kan wataƙila ba.

Hujjar kamfanoni

Su ma kamfanonin suna da abin cewa, kuma ba duka ba ne son zuciya. Kashi 4 cikin 100 kasuwa ce ƙarama, masu kiɗa a cikinta sun fi ƙanƙanta. Windows ɗaya ce, macOS ɗaya ce, Linux kuwa rassa ne barkatai, kowane da nasa tsari da lokacin sabuntawa. Wanda ya sayar da manhaja dole ya ɗauki ma'aikatan gwaji da masu amsa kukan abokan ciniki a kan duka. Wasu manhajojin an shekara 30 ana gina su bisa ginshiƙan Windows ko Mac, tumɓuke su aiki ne na shekaru. Image-Line kansa sai a 2018 ya kai FL Studio kan Mac, duk da girman wannan kasuwa. Ga kuma zargin da aka daɗe ana yi, cewa mutanen Linux sun saba da kyauta, ba za su saya ba. Sai aka shiga kallon-kallo: kamfani yana jiran jama'a su taru, jama'a suna jiran kamfani ya kawo kaya.

Abin da ke ba masu kuka haushi shi ne, waɗannan kamfanoni sun san Linux sarai. Korg na Japan ya gina babban piyanonsa OASYS a kanta a 2005, haka Kronos a 2011. Na'urorin MPC na Akai masu aiki ba tare da kwamfuta ba, ita ce a cikinsu. Ableton ma, da ya fitar da Push 3 mai cin gashin kanta a 2023, Linux ya sa mata. Ke nan sun amince da ita a cikin akwatin da suka rufe da hannunsu, inda na'ura iri ɗaya ce tak. Teburin jama'a ne suke gudu.

An taɓa ganin irin wannan kulli ya kwance a wasu fagage. Wasannin kwamfuta sun fi kiɗa nisa da Linux, har kamfanin Valve ya ga ribarsa a ciki: ya kawo Steam a 2013, ya zuba kuɗi a Wine ya fitar da Proton a 2018, ya ƙera Steam Deck a 2022, dubban wasanni suka soma aiki. A fagen zane mai motsi kuwa jama'a ne da kansu suka tashi: a 2002 suka tara Yuro 100.000, fiye da miliyan 65 na sefa, suka fanshi rubutun ƙirar Blender aka sake shi ga kowa. A Maris 2025 fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, da aka yi da Blender, ya ci kyautar Oscar. A duka biyun, sai da wani ya buɗe bakin jaka. Kiɗa har yanzu bai sami mai ɗaukar nauyinsa irin haka ba.

Ina ruwanmu?

A sutudiyon Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, har zuwa Kano inda waƙoƙin fim suka yi kasuwa, sunayen da aka fi ji su ne FL Studio da Cubase. Kwamfutocin galibi na hannu ne, an gama cin moriyarsu a Turai kafin su iso mu, wato su ne ainihin waɗanda Windows 11 ke ƙi. Manhajojin kuma, kowa ya san da yawansu fasassu ne, an karya makullinsu an kwafa, domin ko mutum yana da niyyar biya, sai da katin banki mai aiki a ƙetare da intanet mai ɗorewa. Fasasshiyar manhaja takan zo da ƙwayar cuta, ba ta da mai gyara, kuma tana sa mawaƙin da ke kuka a kan masu satar waƙarsa cikin halin da bakinsa ba zai yi ƙarfi ba. Manhaja mai ƴanci halal ce a kwafe ta, a ba aboki a cikin makullin USB, a koyar da ita a aji ba tare da tsoron kowa ba.

Kada dai a ruɗi matasa. Wanda hannunsa ya faɗa da FL Studio zai sha wuya makonni kafin ya saba da Ardour ko LMMS, wasu sautukan da kasuwa ke so ba zai same su nan take ba, kuma musayar aiki da abokin da ke kan Windows sai an fitar da kowane layi daban. Hanya mafi sauƙi ita ce a gwada kafin a ƙaura: ana iya tayar da Ubuntu Studio daga makullin USB ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba, a ga ko katin sauti ya kama. Ardour, Reaper, Audacity da LMMS duka suna aiki a Windows ma, don haka mutum zai iya koyonsu tun yana inda yake.

Akwai kuma wani gurbi da babu kamfanin Barlin ko Hamburg da zai cike mana shi. Manyan taskokin sautin da ake sayarwa cike suke da piyano da kayan kiɗan Turai. Kalangu, gurmi, goge, algaita da kakaki sai an tona, in ma an samu. Akwai buɗaɗɗen tsari mai suna SFZ, wanda kowa zai iya bi ya ɗauki sautin kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, ya mai da shi abin da za a kaɗa daga kwamfuta. Aiki ne da ya dace da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai, da jami'o'inmu, tare da makaɗan gargajiya da kansu, bisa yarjejeniyar da za ta tsare musu haƙƙinsu. In ba mu yi ba, wata rana wani zai zo ya ɗauka, ya sa masa makulli, ya sayar wa jikokinmu da kuɗin waje.

Masu neman Ableton ko Cubase a kan Linux za su ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofa, kuma kowane kamfani da lissafinsa zai duba kafin ya buɗe. Abin da ke hannun mai sana'a shi ne ya saka wa waɗanda suka riga suka buɗe: ya sayi lasisin da ƙarfinsa ya kai, ya tallafa wa masu rubuta manhaja mai ƴanci ko da da kaɗan ne, ya koya wa yaran shagonsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumomin al'adu da makarantun koyon sana'a su ma ya kamata su duba wannan fanni tun yanzu, kafin tsoffin kwamfutocin da matasanmu ke neman abinci da su su zama tarkace alhali da sauran ƙarfinsu.